Goron da Na Kai wa Mashayan Guangzhou

Abin da na fara lura da shi a Guangzhou ba dogayen benaye ba ne. Kwalbar shayin surukina ce.

Ya tarye ni a tashar jirgin ƙasa ranar da na iso daga Hong Kong, wajen ƙarshen mulkin soja a gida. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar cincirindon mutane, 'yan China na kewaye shi suna waiwaye, ya ce, "Hajiya, sannu da hanya. Ya mutanen gida?" Na ce lafiya lau. Ban kalli fuskarsa ba, shi ma bai kalli tawa ba, kamar yadda ya kamata tsakanin mace da mijin 'yarta. Da yake ba fuskar nake kallo ba, sai idona ya sauka a hannunsa. Hannun na rawa, kuma yana riƙe da wata kwalba mai murfi, irin wadda kowane ɗan China ke yawo da ita, ganyen shayi na lilo a ciki.

Sunansa Sabi'u, amma ni Baban Sadiya nake ce masa. Shekara biyu yana can yana yi wa 'yan kasuwar Kano jagora da tafinta, 'yata Rabi kuma tana Fagge da yara uku. Abin da mutane suka sani shi ne na tafi sarin mayafai da takalma, tunda na yi Kwatano, na yi Jidda, na yi Dubai, saura China. Abin da ba su sani ba, magana ta zo kunnena har sau biyu, daga bakin mutanen da ba sa ƙarya, cewa yaron nan ya fara shan giya. Na ce wa Rabi zan je in gani da idona. In gaskiya ne, da takardar sakinki zan dawo. Ta yi kuka, ban lallashe ta ba.

Ya kama min ɗaki a unguwar Dengfeng, hawa na huɗu, taga na kallon tagar wasu. A lokacin baƙaƙen fata ba su da yawa, in ka haɗu da ɗaya a titi sai kun gaisa kamar 'yan uwa ɗaya. Garin ga zafi ga danshi, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Rana ba ta fitowa sosai balle in gane azahar, kiran salla kuwa babu, sai na koma tambayar masu agogo. Abinci sai wurin wasu Musulmin ƙasar masu farar hula, masu ja da taliya da hannu kamar ana saƙar igiya. Na ci, na gode Allah, amma har mafarkin miyar kuka na yi.

A kasuwannin titin Guangyuan na koyi kalmomi uku. Lawban, wato maigida. Meyo, wato babu. Shiyeshiye, wato na gode. Na fi amfani da ta tsakiya. Wata mata ta nuna min mayafi mai kyau, muka daidaita, da aka kawo dilar sai na zaro ɗaya daga tsakiya na auna da kamuna. Ya gaza da taƙi guda. Ta ɗauko tef ɗin awo tana nuna min lambobi. Ni ban yi boko ba, lambobinta ba su gaya min komai ba, amma hannuna bai taɓa yi min ƙarya ba. Na ɗora samfurin a kan na dilar, na ce mata, "Meyo." Ta kwashe da dariya, ta tafa min kafaɗa, aka sauya kayan. Ko kunya ba ta ji ba, abin ya daɗe yana ba ni mamaki.

Duk yawon nan kwalbar na hannun Baban Sadiya. Yana kurɓa a kai a kai, yana tauna kanumfari. Kwana biyar ban ji ya ce wa kowa bismilla ba. Wane Bahaushe ne zai sha abu a gaban babba bai yi tayi ba? Rana ta shida na ce, ina kallon wani shago, "Ƙishirwa nake ji, a ba ni shayin nan." Ya ce, "Ai ya huce, Hajiya, bari in sayo miki ruwa." Ya tafi da sauri har yana tuntuɓe.

Wanda ya ƙarasa tona shi kuwa masoyinsa ne. Wani mai masana'antar takalma ya gayyace mu cin abincin rana, a wani teburi zagayayye mai juyawa. Aka jera ƙananan kofuna kamar na shan magani, aka zuba wani farin ruwa mai warin kananzir. Ashe al'adarsu ce, ciniki ba ya ƙulluwa sai an ɗaga kofi an ce gambe an shanye. Baban Sadiya ya girgiza kai. Lawban ya zaro ido, ya rungumo wuyansa, ya juyo gare ni yana nuna min da yatsu yawan kofunan da yaron ke shanyewa, yana ɗaga babban yatsa. Yabonsa yake yi, bawan Allah. Baban Sadiya ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

To shi ke nan, na ga abin da na zo gani. Da a ce ba ni da son bin diddigi, da a ranar na karɓi takarda.

Amma akwai wani mutum a teburin, Malam Issaka, ɗan zangon Kumasi, mai ofishin aika kaya a unguwar Xiaobei, wanda zai loda min kayana a jirgin ruwa. Dattijo ne mai furfura a gemu, da irin Hausarsu ta Gana da ba ta raba mace da namiji. Tun kafin a zuba, ya kife kofinsa. Ni ma na ƙi, amma ni ƙyama nake yi, ina kau da kai. Shi ba ƙyama na gani ba. Ya bi kwalbar da ido har aka ajiye ta, kamar mutumin da ya hango tsohuwar matarsa a gidan biki. Wannan kallon ya tsaya min a rai.

Washegari na same shi a ofis shi kaɗai, cikin kwalaye. Na ce, "Malam Issaka, kai ka san ruwan nan."

Ya ce, "Wane ruwa, Mma?"

"Kada ka mayar da ni yarinya. Na haife ka." Ban haife shi ba, bai fi in ba shi shekara shida ba.

Ya yi dariya har ya share ido. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya na yi ina sha. Yanzu shekara huɗu ban taɓa ba."

"Wa ya ba ka magani?"

"Akwai wani wuri da muke zuwa ranar Lahadi bayan la'asar."

Ya ce wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya fara kai shi irin wurin a Hong Kong, da ya dawo nan ya yi wata uku yana tambaya kafin ya samu, don ba su da allo a ƙofa, kuma sukan sauya gida. Na ce ya kai ni in gani. Ba na kai nawa wurin mai magani sai na fara ganin mai maganin. Ya ce ranar daga tashar jiragen ruwa zai wuce, sai dai mu haɗu a can. Ya sa aka rubuta min adireshin da rubutun China a bayan wani kati. Ya ba ni haƙuri wai ba zan iya karantawa ba. Na ce ko da na boko ya rubuta duk ɗaya ne a wurina.

Ranar Lahadi na ce wa Baban Sadiya zan huta. Na kwance goro goma sha biyu daga ɗan huhun da na zo da shi, farare ƙwal, na haɗa da kwalbar turare, don ba a zuwa wurin mai magani hannu rabbana. Mai tasi ya zagaya da ni, na ƙirga wata gada sau biyu, sannan ya sauke ni a bakin wani lungu ya yi gaba. Ga ruwan sama. Na tsaya da kati a hannu, duk wanda na miƙa wa sai ya kauce. Sai wata tsohuwa da ke tsinkar ganye a ƙofar gida ta taso, guntuwa, ba ta kai kafaɗata ba. Ta karɓi katin ta juya shi, ashe a kife nake nunawa. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni lungu biyu, muka hau bene hawa bakwai tana haki ina haki. A ƙofar ta shafa fatar hannuna ta duba yatsanta, ta ga ba abin da ya fita, ta yi murmushi ba haƙori. Na ba ta goro ɗaya.

Ɗakin falon wani malamin makaranta ne. Ba hayaƙi, ba layu, ba kwalaben magani, ba ma gadon asibiti. Kujeru a zagaye da mutum tara: Turawa biyar, wani Ba'indiye, wata 'yar Filifin mai waƙa a otal, wani ɗan Hong Kong da kwat, sai Malam Issaka. Wani tsohon Bature na ɗauraye kofuna, na ɗauka baran gidan ne, na miƙa masa lemata. Daga baya na ji shi ke riƙe da wani babban kamfani.

Na ce wa Malam Issaka, "Wane ne babban? In gaishe shi."

"Ba babba, Mma."

"To mai maganin fa?"

Ya nuna kujerun. "Duk marasa lafiya ne."

Na ce lallai an cuce ni da hawan bene. Sannan ya ce sai an tambaye su ko sun yarda in zauna, tunda ni ba mashayiya ba ce. Suka ɗaɗɗaga hannu. Ni, da jikokina goma sha huɗu, 'yan giya ke kaɗa wa ƙuri'a ko na isa in zauna da su! Na zauna don in ga ƙarshen abin. Goron kuwa, da na rasa wanda zan ba, sai na zuba a farantin biskit. 'Yar Filifin ta gatsa, fuskarta ta tattare wuri ɗaya, amma ta haɗiye ta ce min shiyeshiye.

Malam Issaka na fassara min ƙasa-ƙasa. Kowa zai faɗi sunansa, ya ce shi mashayi ne, sauran su amsa masa da gaisuwa kamar ya zo da albishir. Har wanda ya shekara ashirin bai sha ba haka yake cewa. Ba'indiyen ya ce ya sayar da awarwaron matarsa. Na gyara zama ina jiran a rufe shi da faɗa. Suka ce sun gode. Ɗan Hong Kong ya ce ya taɓa farkawa a wani gari bai san yadda ya je ba, takalmi ƙafa ɗaya, suka yi ta dariya har da shi. Ba mai katse wani. Ba mai cewa ai na gaya maka. A gidanmu in mutum ya yi laifi tara masa manya ake yi, kowa ya wanke shi, ya ce ya tuba, a watse, bayan sati ya koma. Nan kuwa masu laifin ne suka tara kansu.

A ƙarshe suka miƙe suka riƙe hannun juna suna addu'a. Na naɗe nawa cikin mayafi. A matakala na tsare Malam Issaka na ce, "Ba coci kuka buɗe a ɓoye ba?" Ya ce, "Ba sa tambayar wa kake bauta wa, Mma. Ni na san nawa. Suna tasu, ina karanta Fatiha." Na ce, "To me ke hana ka sha?" Muka sauka hawa guda. Ya ce, "Ban yi alkawarin har abada ba. Na yau kawai nake yi. Gobe in sake." Ban gamsu ba. Amma na ga hannunsa a kan ƙarfen matakala, ba ya rawa.

Saura yadda za a kai yaron. Suruka ba ta buɗe baki ta ce wa mijin 'yarta kana shan giya. Malam Issaka kuma ya ce ba a jan mutum, sai ya zo da ƙafarsa. Na ce ni ba jan sa zan yi ba. Lahadi ta gaba na ce wa Baban Sadiya, ina gyara ɗaurin kallabi, "Zan je gaishe da wasu mutane, ban san hanya ba." Ba shi da yadda zai yi. A ƙasan benen ya ce zai jira ni. Na miƙa masa jakata na ce gwiwoyina ba za su ɗauke ni da ita ba.

Da ya ga Malam Issaka a cikin da'irar, ya ji abin da na farko ya faɗa, sai ya gane. Ya dubi ƙofa. Ni kuwa na riga na ja kujerata na tare ta. Da zance ya zagayo wajenmu na miƙe, na gyara murya, don na kwana ina shirya ƙarar da zan kai: shekara biyu, yara uku, 'yar mutane a zaune. Malam Issaka ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Mma, a nan mutum laifin kansa kawai yake faɗa." Tunda nake ba a taɓa zaunar da ni a taro ba. Na zauna. Baban Sadiya bai ce uffan ba har aka tashi.

Litinin bai zo ɗaukata kasuwa ba. Talata ma haka. Na zauna a ɗakin nan ina jin maƙwabta na soye-soye, ba wanda zan tambaya ko da ƙarfe nawa ne. Nan ne tsoro ya kama ni, na ce ko na kunyata shi ne ya je ya faɗa kogi. Laraba da hantsi Malam Issaka da tsohon Baturen nan mai wanke kofi suka same shi a ɗakinsa, kwance cikin amai. Na bi su. Na tsaya daga ƙofa ina kallon Bature mai kamfani ya naɗe hannun riga yana goge ƙasa, yana yi wa yaron hira kamar sun haɗu a wurin aski. Na ce wa Malam Issaka, "Me zai samu a ciki?" Ya ce, "Ya ce shi ma an goge masa. Kuma in yana goge na wani, ranar ba ya sha."

Lahadi ta uku ban ce a raka ni ba. Na sauko na tarar da shi a ƙofar gida da lema, ya rame, idanu sun faɗa. Ya ce, "Hajiya, ko za ki gaishe da mutanen nan yau?"

Muka je, aka zauna, zance ya zagayo kansa. Ya daɗe yana murza hularsa. Sai na ji ya faɗi sunansa, ya ƙara wasu kalmomi, suka amsa masa gaba ɗaya. Ya ci gaba da Turanci. Na tsinci Kano a ciki, na tsinci Rabi, na tsinci Sadiya. Malam Issaka ya matso zai fara fassara.

Ni da na ƙetare teku don in ji komai. Ni da ba a rufe tukunya a gabana ban buɗe ba. Wallahi kunnena har ƙaiƙayi yake. Amma na lura da abu ɗaya: yaron nan yana iya magana ne don ya san ba na ji. Turancin ne ya zama labule tsakanina da shi. In aka ɗaga, zai yi shiru, ƙila har abada.

Na ce, "Bar shi, Malam Issaka. Ba da ni yake ba."

Na juya kujerata na fuskanci taga, ina kallon wankin mutane a kan sanduna, har ya gama. Har yau ban san abin da ya faɗa ba.

Na ƙara sati biyu kafin kayana su hau ruwa. Ya je taron Lahadin duka biyun, ya kuma je wani na ranar Alhamis da ban sani ba. Ranar da zan tafi ya shigo da takarda da biro, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce, "Hajiya, na san abin da ya kawo ki. In kin ce in rubuta, zan rubuta. Ba zan ce miki na warke ba. Yau kwana goma sha tara."

Na ce, "Ka dawo gida mana."

Ya ce, "A Kano wa zan gaya wa? Duk wanda na gaya wa, gobe unguwa ta ji. Ki bar ni in ƙara ƙarfi tukuna."

Ban so amsar ba, amma ban samu ƙarya a cikinta ba. Na dubi takardar. Ni na aurar da Rabi, ni na zaɓa mata ɗaki, ni na yanke cewa za a sake ta, duk ban tambaye ta ba. Na ce, "Mayar da bironka aljihu. Ba ni kake aure ba."

Na isa Fagge da la'asar. Rabi ta bari aka gama sannu da zuwa, yara suka kwashi tsaraba suka fita, ta rufe ƙofa. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Hajiya, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Kin karɓo?"

"Ban karɓo ba. In kina so, ki aika ya rubuto, ya ce ba zai ƙi ba. In kin zauna, ban ce miki ya daina ba. Na bar shi cikin waɗansu mutane da ban gane kansu ba har yanzu, kuma ranar da na baro shi bai sha ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta ce, "To ke me kika ce in yi?"

Na ce, "Ban ce ba."

Ta daɗe tana kallona, don ba ta taɓa jin haka daga bakina ba. Sannan ta jawo mayafinta ta ce, "Akwai lambar da ake samunsa? Zan je gidan waya. Ni zai gaya wa da bakinsa, da Hausa."